Wayar Ƙasa a Famfon Mahauta

A unguwar Yelwa ta Garwa, in ka ce Halliru mai wuta sai a tambaye ka wanne. In ka ce Halliru mai hatimi, nan take za a nuna maka shagon nan mai shuɗiyar ƙofa, kusa da masu ɗinkin katifa. Hatimin ɗan guntun roba ne mai mariƙin katako, bai kai ƙwan kaza ba. Amma tun da doka ta tsananta a kan aikin lantarki, babu wani babban gini da za a ja wa wuta sai an gan shi a takarda. Shi ne shaidar cewa mai lasisin hukuma, lasisin da suke kira agirema, ya tsaya a kan aikin, kuma in wani abu ya faru wuyansa za a kama. Bayan an buga shi ne ma'aikatan kontrol ke zuwa su auna.

Halliru ɗan mai sayar da goro ne, jikan fataken da suka sauka a bakin Binuwai ba su koma ba. Bai gama firamare ba ubansa ya kama hannunsa ya kai shi wurin Metir Hamadu, wato Malam Hamadu a bakin masu Faransanci, mutumin da ya koyi aiki a kamfanin auduga, ya kuma ja wa rabin Garwa waya lokacin da wutar madatsar ruwan Lagdo ta iso. Metir ba ya koyarwa da baki. Waya yake naɗewa biyu. In ka fere jan ƙarfe ka ji masa rauni, a gadon bayanka za ka gane. Halliru ya sha wannan wayar har ya iya aikin, da yamma kuma ya riƙa zuwa darasin Faransanci, ya ci jarrabawar sana'a, daga baya ya ci ta agirema.

Metir bai zauna jarrabawar ba.

"Wa zai gwada ni?" in ji shi. "Waɗanda aka yanke musu cibiya a ƙarƙashin ƙwan lantarkin da na ɗaura?"

Kowa ya san ba ya karanta Faransanci, babu dai mai faɗa.

Sai Halliru ya nemi Raihana, 'yar Metir, ita ma tana sonsa, aka ba shi. Daga ranar ubangida ya zama suruki, kunya ta shiga tsakani ta yi zamanta. Halliru ya daina ambatar sunansa, sai Baba. Tun daga bakin layi yake cire takalmi. Ba ya cin abinci a gabansa, ba ya ɗaga ido ya dube shi. Aiki kuwa sai ya tsaru da kansa ba tare da an zauna an tsara ba: Metir ya samo, Metir ya yi, Halliru ya buga hatimi. Aikin kowa a shagon sai ya kwance ya duba, ban da na Baba. Ta yaya za ka buɗe akwatin da surukinka ya rufe? Kamar ka ce masa ya buɗe baki ka ƙirga haƙoransa ne.

A majalisar ƙofar masallaci Metir kan ce, yana kaɗa carbi, "Hatimi nasa, hannu nawa. Kun taɓa ganin takarda ta hau tsani?" A yi dariya. Halliru ma ya yi, kansa a ƙasa.

Da bazarar bana mahautan kasuwa suka haɗa kai suka gina ɗakin sanyi, don naman da ya wuni a zafin Garwa ba ya kwana da mutunci. Sarkin Fawa, Alhaji Mahfuzu, abokin Metir ne tun na ƙuruciya, shi ya ba shi aikin. Metir ya gama, aka jona injin sanyin da wutar wucin gadi daga maƙwabta kafin a kawo tasu mitar. Abin da ya rage hatimi ne da zuwan 'yan kontrol.

Halliru ya je karɓar sa hannun Sarkin Fawa ana dab da azahar. Rana ta buɗe, kwalta har danƙo take yi. Ya nufi famfon da ke jikin bangon ɗakin don ya yi alwala. A nan mahauta ke wanke wuƙaƙe da hannuwa, ƙasan siminti kullum a jiƙe, mafi yawansu ba takalmi.

"Injiniya, yi bisimilla tukuna," in ji wani mahauci mai suna Abakar, wanda bakinsa ba ya hutawa. "Famfon namu akwai mutanen ɓoye. Cizo yake yi."

"Wane irin cizo?"

"Irin na amarya, a hankali. Sai injin ya tashi yake yi. Da farko na ɗauka barkono ne ya shiga yankan hannuna."

"Ƙarya yake, ihu ya yi!" wani ya faɗa daga bayan gungumen sara. "Har Kuseri an ji."

Suka kwashe da dariya. Halliru ya jira injin ya tashi, ya kai bayan yatsa ya taɓa ƙarfen. Wani tsam ya bi hannunsa har gwiwar hannu.

Ya bi bangon da ido. Ga wayar ƙasa, koriya mai ratsin rawaya, wadda aikinta shi ne in wuta ta ɓalle a jikin inji ta kwashe ta ta zuba a ƙasa kafin ta sami mutum. Ta fito daga ɗakin, ta sauko, an ɗaure ta tsaf a bututun famfon. Ɗauri mai kyau, murɗin Baba, ko a mafarki ya san shi. Ya durƙusa kamar mai gyara takalmi, ya sa sukundireba ya tona gindin bututun. Bai kai taƙi guda ba ƙarfe ya ƙare, baƙar roba ta karɓa.

A zamanin da Metir ya koyi aiki, bututun ruwa ƙarfe ne tun daga famfo har ƙarshen gari, kuma babu wayar ƙasar da ta fi wadda aka ɗaura masa. Yanzu roba ake binnewa, a sa ɗan guntun ƙarfe a sama don ya riƙe kan famfo. Wutar da ke zurarewa daga injin ba ta da hanyar shiga ƙasa. Tana nan tsaye a famfon, tana jiran mai jiƙaƙƙiyar ƙafa ya zama hanyar. Yau cizo ne. Ranar da injin ya ƙone ta ciki, wanda ya kama famfon ba zai iya saki ba.

Ya kamata a ce tsoro ne ya fara zuwa masa. Ba shi ba ne. Abin da ya fara ji wani sanyi ne a ƙirji, irin na mai azumi da ya kai ruwan randa baki. Ashe Baba ma yana kuskure. Sai bayan wannan ya wuce tsoron ya iso, tare da kunyar abin da ya riga shi.

Ya mayar da ƙasar ya danne. Ya naɗe kan famfon da baƙin salatif, ya ce kowa ya riƙa ɗiban ruwa a duro, wanda zai matso nan kuma ya sa takalmin roba.

"Alwalar ma da takalmin roba?" in ji Abakar. "Wace mazhaba ce wannan, Injiniya?"

Bai ce a kashe injin ba. Nama na ciki, kuma in ya ce a kashe sai ya faɗi dalili.

Ya tarar da Raihana a tsakar gida tana tsince zogale, 'yarsu Fauziya na barci a tabarma. Ya faɗa mata duka, har da abin da zai iya faruwa.

"To ka faɗa masa mana, Baban Fauziya."

"Da wane bakin?"

"Da wanda kake gaishe shi."

"Ke ki faɗa masa. Mahaifinki ne."

Ta ajiye tiren. "In ce masa me? Mijina ya aiko ni in koya maka ɗaurin waya? Ai gara ka mare shi." Ta sake ɗaukar tiren. "Ka je da sassafe ka kafa turken nan naku na jan ƙarfe, ka mayar da wayar can. Wa zai sani?"

"Shi. Murɗina daban, nasa daban. Zai ce na bi bayansa kamar ɓarawo."

"To ka sami Alhaji Mahfuzu su keɓe su biyu. Abokinsa ne."

"In tona masa asiri wurin wanda ya ba shi aiki?"

"Liman fa?"

"Me Liman ya sani a kan wuta?"

Raihana ta dube shi, irin duban da ba ta saba yi masa ba. "Kowace ƙofa na buɗe sai ka rufe. Ni dai ban gane ba. Hanya kake nema, ko so kake a ce babu hanya?"

Ya ce zafi ya dame shi, ya tashi ya shiga wanka.

Washegari ya je gaida Baba da niyyar magana, ko aƙalla haka ya faɗa wa kansa. Ya cire takalmi, ya durƙusa a gefen tabarma. Metir na zaune yana goge tsohuwar filayarsa da tsumma mai mai. Suka gaisa, suka sake gaisawa, aka tambayi zafi, aka tambayi Fauziya.

"An kai takardar mahauta?"

"Za a kai, Baba."

"A buga a kai. Naman mutane na jira."

"To, Baba."

Ya buga. Ya kai ofishin kontrol da kansa, har ya roƙi a gaggauta zuwa, ya ce don lafiyar jama'a. Wannan gaskiya ne. Ya kuma faɗa wa ransa cewa sadaukarwa yake yi, tun da sunansa ne a takardar, shi za a rubuta wa laifi. Wannan ma gaskiya ne. Abin da bai faɗa wa kansa ba shi ne ya san na'urar 'yan kontrol ba ta da suruki, kuma a gaban mutane take magana.

Wadda aka turo wata matashiya ce 'yar kudu, Madam Estelle, da hular kwano da jakar kayan awo. Hausarta ba ta wuce sannu ba, Fulatancinta na cefane ne. Mahauta suka bar teburansu suka kewaye ta, don ba kullum ake ganin mace da sukundireba ba. Alhaji Mahfuzu ya sa aka kawo kujeru. Metir ya zo da babbar riga, ya zauna kusa da abokinsa kamar uban ango.

Ta buɗe akwatin wutar ta daɗe tana kallo. Ta ce aikin yana da tsabta, ta daɗe ba ta ga jeri irin wannan ba. Halliru ya fassara. Metir ya gyaɗa kai, Alhaji Mahfuzu ya dafa masa gwiwa.

Sai ta ce a nuna mata turken ƙasa.

Halliru ya nuna famfon. Ta kafa 'yan sandunanta, ta jona na'urar, ta duba. Ta sake jonawa. Ta kalli salatif ɗin da ke kan famfon, ta durƙusa inda ƙasar ke da taushin sabon tono, ta kau da ita da yatsu. Da ta miƙe muryarta ta canza.

"A kashe injin nan yanzu. Yanzu!" ta faɗa da Faransanci. Ta juyo. "Misiye Halliru, wa ya yi wannan?"

Amsa ɗaya ce mai sauƙi, kuma a idon doka ita ce gaskiya: ni ne, hatimina ne. Da ya faɗe ta, da shi za ta wanke tas, mahauta su yi masa dariyar mako guda, Baba ya tashi da rigarsa ba ɗigon komai. Ya san da amsar. Tana kan harshensa. Bai faɗa ba. Ya ɗaga kai, ya juya, ya dubi surukinsa ido cikin ido.

Kowa ya bi idonsa.

Madam Estelle ba muguwa ba ce. Tsorata ta yi, don ta ga ƙafafun da ke tsaye a cikin ruwan. Ta fuskanci Metir ta fara magana da sauri, da ta ga bai gane ba ta ce wa Halliru, "Fassara masa. Duka."

"Baba," ya ce, muryarsa na rawa, "tana cewa akwai ɗan gyara."

"A'a, Injiniya, ba haka ta ce ba," in ji Abakar, wanda ya yi aikin mayanka a Duwala har ya iya Faransanci. Wannan karon ba da wasa yake ba. "Ni ne nake taɓa famfon nan kullum. Faɗi yadda ta faɗa."

Haka Halliru ya tsaya a gaban mahauta ya faɗa wa mutumin da ya koya masa riƙon filaya cewa an daina wannan ɗaurin tun da daɗewa. Cewa bututun roba ne. Cewa wannan ba wayar tsaro ba ce, tarko ne. Cewa Allah ne kawai ya sa ba a ɗauki gawa ba. Duk maganar da ya ce ba shi da bakin faɗa a zaure su biyu, ya faɗe ta a tsakiyar kasuwa, da Hausa mai kyau, kalma bayan kalma. Abin da ya fi tayar masa da hankali daga baya shi ne, da ya kai tsakiya muryar ta daina rawa.

Injin ya mutu, wurin ya yi tsit. Madam Estelle ta ce Halliru ma za a rubuta masa gargaɗi, in aka sake samun irin wannan agiremarsa ta tafi. Ya ce ya ji.

Metir ya tashi a hankali. Ya je gindin famfon, ya tattare rigarsa ya durƙusa, ya taɓa robar da yatsa, ya ƙwanƙwasa ta da farce. Ya daɗe a haka. Sannan ya kai hannu ya shafa salatif ɗin. Ya san naɗin wa ne, shi ya koya masa.

"Malam," ya ce, bai juyo ba. "Kai ka naɗa wannan?"

"Ni ne, Baba."

"Kafin ka zo gaishe ni, ko bayan?"

Halliru ya kalli ƙafafunsa. "Kafin."

"Madalla," in ji Metir.

Shi ya yi gyaran da kansa. Ya cire babbar rigar ya ba Alhaji Mahfuzu ya riƙe, ya aika aka sayo turken jan ƙarfe, ya ari diga. Ƙasar bazara kamar dutse take, rana a tsaka, mutum ya haura sittin. Halliru ya miƙa hannu zai karɓi digar.

"Bari, kar ka ɓata hannun hatimi."

Mahauta ne suka karɓa suka riƙa yi bi da bi, Abakar a gaba. Halliru ya tsaya a inuwa da jakar takardu a hammata, babu wanda ya kore shi, babu wanda ya kira shi. Da Madam Estelle ta dawo awo na biyu komai ya yi daidai, aka kawo mita, famfo ya daina cizo. Alhaji Mahfuzu ya aika wa Metir cinyar saniya, ya aika wa Halliru godiya ta bakin wani.

Metir bai yi faɗa ba, bai kai ƙara wurin kowa ba, bai kira 'yarsa gida ba. In Halliru ya je gaisuwa yana amsawa cikakkiya, har ya sa a kawo masa lemon kwalba kamar baƙon da ya zo daga Maruwa. Shago ne dai bai sake takawa ba. Da damina ta kusa sai aka ji ya ɗauki jakarsa ya tafi Bibemi wurin ƙanensa, inda manoman da suka sayar da auduga ke sa wuta a sababbin gidaje, kuma ba kasafai ake tambayar takarda ba.

"Ya gane ai," Halliru ya ce wa Raihana. "Da hannunsa ya taɓa robar. Ba zai sake ba."

"Wannan ɗin ba zai sake ba," ta ce, tana ninke kayan Fauziya. "Sauran abubuwan da suka canza bai sani ba fa? Da kana kusa, ko ba ka duba ba kana iya dubawa. Yanzu wa ke kusa?"

Ta ci gaba da dafa masa abinci, tana yi masa sannu da zuwa. Hirar bayan la'asar ce ta ɗauke, ita ma ba ta ce ta ɗauke ba.

Halliru na nan a shagonsa mai shuɗiyar ƙofa. Aiki ya ƙaru, don labari ya zaga cewa mutum ne da ko surukinsa bai ɗaga wa ƙafa ba. Wani ɗan kasuwa ya faɗa masa haka a fuska, yana yabo, ya ba shi aikin bene mai hawa biyu. Halliru ya yi godiya. Da mutumin ya fita ya rufe shagon da rana tsaka, ya zauna a ciki har aka kira la'asar.

Wata ranar kasuwa ya sayi turakun jan ƙarfe masu kyau, da ƙaramar na'urar awo mai fitila, wadda ba ta bukatar karatu, kore lafiya, ja haɗari. Ya ɗaure su a buhu ya kai tasha, ya ba direban motar Bibemi, ya ce a kai wa Metir Hamadu mai wuta, kar a ce daga wa.

Da motar ta juyo, direban ya zo har shago da buhun a kafaɗa, ɗaurin ma ba a kwance ba.

"Tsohon ya ce a gaishe ka, a gaida iyali," in ji shi, yana share gumi. "Ya ce an yi ɓatan kai, ba nasa ba ne. Ina zan ajiye?"